Yadda Ake Saita Rimot Ɗaya Ya Kunna Majigi Ya Kuma Kashe Shi Ba Tare Da Ruɗani Ba

Duk inda Hausawa suka yi zango, daga Dei-Dei da Karmo a nan Abuja har zuwa Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas, ko Sabon Ibadan, ko kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, da wuya ka rasa gidan kallon ƙwallo. Da yawa daga cikin gidajen nan yanzu sun bar talabijin sun koma majigi, saboda mutum ɗari na iya kallon allo ɗaya kowa ya gani. Haka manyan masallatai lokacin tafsiri, da wasu makarantun Islamiyya, su ma sun fara amfani da shi.

Majigi dai ba baƙonmu ba ne. Tun zamanin Turawa motar gwamnati ke shiga gari-gari da dare tana haska fim a fili, kakanninmu suna zuwa kallo. Abin da ya sauya shi ne na yanzu ana rataye shi a silin, sai da rimot ake taɓa shi. Ga rimot ɗin majigi, ga na dikoda, ga na amfilifaya, wani wurin har da na talabijin ta biyu. Wannan ya sa mutane ke sayen rimot gama-gari, wanda 'yan kasuwa ke kira yunibasal, don ɗaya ya riƙe duka.

To a nan ake samun matsala. Ka danna a kashe komai, sai dikoda ta mutu, majigi kuwa ya tashi. Ko ka danna a kunna, majigin da ke aiki ya nemi mutuwa ana tsakiyar wasa. Yawanci ba rimot ɗin ne ya lalace ba. Irin umarnin wutar da aka saka masa ne bai dace da majigi ba.

Umarnin wuta iri biyu ne

Misali mai sauƙi: kana da yaro mai tsaron ƙofar kara, kai kuma kana nesa ba ka hango ƙofar. Idan ka aika masa cewa "juya ƙofa", ma'ana in a buɗe take ya rufe, in a rufe take ya buɗe, to dole sai ka san halin da take ciki kafin ka aika. Ranar da wani ya riga ya rufe ba ka sani ba, saƙonka zai sa a buɗe, shanu su fice. Amma idan saƙonka "rufe ƙofa" ne, ko sau goma ka aika, ƙofa a rufe za ta kwana.

Haka rimot yake. Galibin kayan wuta maɓalli ɗaya gare su na wuta, shi ke kunnawa shi ke kashewa. Wannan shi ne "juya ƙofa". Amma akwai injinan da ke gane umarni biyu daban, na kunnawa kawai da na kashewa kawai. Ka duba rimot ɗin majigin NEC, da da yawa daga cikin na BenQ da Optoma, za ka ga maɓalli biyu, ɗaya an rubuta ON ɗaya OFF ko STANDBY. In ka danna ON ga majigin da ke kunne, ba abin da zai faru. In ka danna OFF ga wanda ke kashe, nan ma shiru.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, rimot ba ya gani kuma ba ya ji. Aikawa kawai yake yi. A kansa akwai ɗan ƙwai mai fitar da hasken infared wanda idon mutum ba ya gani, yana ƙyaftawa da sauri, galibi sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya. Na Sony sau 40,000, tsarin Philips kuma 36,000. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda kamfanin NEC na Japan ya fito da shi, kowane dannawa saƙo ne mai kashi biyu: adireshin injin, sannan umarnin. Majigi ba ya mayar wa rimot da amsa cewa "na tashi" ko "na mutu". Don haka rimot ba shi da hanyar sanin halin da ake ciki.

Me ya sa abin ya fi damun majigi?

Na farko, majigi mai ƙwai ba ya tashi nan take. Yana ɗaukar kamar rabin minti ko fiye kafin haske ya cika, kuma a wannan lokacin da yawansu ba sa karɓar wani umarni. Mai gaggawa ya ga allo duhu, sai ya sake dannawa, ya sake dannawa. Da majigi ya gama tashi, dannawar ƙarshe ta faɗa masa a matsayin umarnin kashewa.

Na biyu, yawancinsu sai an danna sau biyu suke mutuwa. Dannawar farko tambaya ce ke fitowa a allo, ta biyu ce ke kashewa. Rimot gama-gari da ya aika sau ɗaya ya ɗauka ya gama aikinsa, alhali ƙwai na can yana ci har gari ya waye.

Na uku, bayan an kashe, fanka na ci gaba da juyawa minti ɗaya zuwa biyu don ta huce ƙwan. Ƙwan majigi na yin zafi ƙwarai, kuma rayuwarsa a ƙirge take, galibi tsakanin awa 3,000 zuwa 6,000 gwargwadon samfuri da yadda ake amfani da shi. Yanke masa wuta yana da zafi, ko sake kunna shi bai huce ba, na rage masa kwana. Duk mai gidan kallo ya san kuɗin sabon ƙwai na lashe cinikin wasanni da yawa.

Na huɗu, matsalar da muka fi kowa sani: wuta. NEPA ta ɗauke, an tayar da janareto, galibin dikodoji sun tashi da kansu, majigi kuwa yana jiran a kunna shi. Yanzu ɗaya na kunne ɗaya na kashe. In duka umarnin "juya ƙofa" ne a kansu, dannawa ɗaya sai dai ta musanya su. Haka in majigi biyu iri ɗaya ne a zaure ɗaya, ana haska wasan Arsenal a nan na Barcelona a can, wannan ya mutu wancan ya tashi, 'yan kallo sun biya kuɗi, ka san abin da zai biyo baya.

Irin rimot ɗin da za ka saya

Rimot gama-gari iri uku ne a kasuwa.

Akwai mai lamba kawai, wanda ke zuwa da takarda cike da sunayen kamfanoni da lambobi uku ko huɗu. Shi ya fi araha, amma da yawansu talabijin da DVD da dikoda kawai suka sani, ba majigi a cikinsu. Wanda ma ke da shi, maɓallin wuta ɗaya ne. Araha ba ta ado.

Akwai mai koyo, wanda ke kwafar umarni daga wani rimot ya ajiye a duk maɓallin da ka zaɓa. Za ka ga an rubuta LEARN a jikinsa ko a kwalinsa. Kamfanin Chunghop na yin irinsa, haka One For All. Wannan shi ne ya dace da aikinmu.

Sai na waya. Wayoyin Redmi da Xiaomi da yawa na da ƙwan infared a samansu, suna zuwa da manhajar Mi Remote. Akwai kuma ɗan akwati irin Broadlink RM4 da ake ajiyewa a zaure, yana karɓar umarni daga waya ta wayi-fayi ya aika wa majigi. Wasu sun san rimot ɗin Harmony na Logitech, wanda ya yi suna wajen wannan aiki, amma kamfanin ya daina ƙera shi tun 2021, sai dai na hannu.

A Abuja ka duba Banex Plaza a Wuse 2 ko kasuwar Wuse. A Legas, kasuwar Alaba ta Ojo ko Computer Village a Ikeja. Kafin ka biya, sa batir ka buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata kan rimot ɗin ka danna. Za ka ga ɗan haske mai ruwan shuni yana ƙyaftawa. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba. Gani ya kori ji.

Idan rimot ɗin asali yana da maɓalli biyu

Wannan shi ne mafi sauƙi. Tsarin ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka riƙe takardar da ta zo da shi, amma gabaɗaya haka ake yi:

1. Sa sababbin batura a duka biyun. Batir mai rauni na sa a kwafi umarni rabi-rabi.

2. Zauna a inuwa, nesa da rana da fitilar tsakiyar ɗaki mai ƙarfi, don haskensu na shiga cikin saƙon. Ka yi nesa da majigin kansa, kada ya riƙa tashi yana mutuwa kana cikin aiki.

3. Ajiye su a tebur kai da kai, tazarar kamar yatsa biyu, wato santimita 3 zuwa 5.

4. A sabon rimot, zaɓi sashen da za ka ba majigi, misali AUX ko DVD in ba ka amfani da su. Danna SET ko LEARN ka riƙe har ɗan jan hasken ya tsaya bai ƙyaftawa.

5. Danna maɓallin da kake so ya zama na kunnawa. Shawarata ka ɗauki kore daga cikin maɓallai masu launi huɗu. Sannan danna ON a tsohon rimot, dannawa ɗaya gajera. Haske zai ƙyafta alamar ya ɗauka.

6. Danna ja, sannan OFF a tsohon rimot.

7. Ci gaba da sauran da kake buƙata: MENU, kibiyoyi, OK, da maɓallin HDMI. Sannan danna SET ka fita.

Ainihin maɓallin wuta na sabon rimot, a sashen majigi, ka bar shi ba komai a ciki. Yaron shago ko wani ɗan kallo mai ƙaiƙayin hannu ya danna, ba abin da zai faru. Ka liƙa 'yar takarda a bayansa: kore kunnawa, ja kashewa.

Abu biyu kan ba da wahala a nan. In ka riƙe maɓallin tsohon rimot da yawa lokacin koyarwa, sabon na iya ɗaukar alamar maimaici kawai ya bar ainihin umarnin, sai ka ga ya nuna ya koya amma ba ya aiki. Sake yi da gajerar dannawa. Na biyu, injinan da ke bin tsarin Philips mai suna RC-5 suna sauya ɗigo ɗaya a cikin saƙon duk dannawa. Rimot mai koyo guda ɗaya ya kwafa, don haka dannawar farko ta yi aiki, ta biyu a jere ta ƙi. Ga majigin da ke son a danna OFF sau biyu, maganin shi ne ka koyar da OFF ɗin a maɓalli biyu daban, ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa danna wannan sannan wancan.

Idan ta lamba za ka bi

In rimot ɗinka na da majigi a takardarsa, fara da sa lambar da hannu: riƙe SET, danna sashen, buga lambar farko da ke gaban sunan kamfanin, gwada. In ba ta yi ba, ta gaba.

Amma binciken da rimot ke yi da kansa, inda yake ta jefa umarnin wuta ɗaya bayan ɗaya har inji ya amsa, kada ka yi shi majigi na kashe. Kafin ka lura ya fara tashi, rimot ya wuce lambar da goma. Kunna majigin da hannu tukuna, ya gama tashi, sannan ka fara binciken idonka na kan allo. Da zarar tambayar nan ta "a kashe?" ta fito, tsayar da shi nan take. Ita ce lambarka. Rubuta ta a cikin murfin batir.

Idan rimot ɗin asali maɓalli ɗaya gare shi, ko ya ɓata

Rashin maɓalli biyu a rimot ba ya nufin majigin bai san umarni biyun ba. Kamfanoni da dama na saka su a cikin injin, maɓallin ne kawai ba su yi musu ba. Misali, ƙananan majigin Epson na ofis da makaranta maɓalli ɗaya gare su, amma manyansu na kallon fim a gida suna zuwa da biyu. Ga hanyoyin da za ka bi:

Ta farko, aro. Nemi wani mai majigin kamfani ɗaya da naka wanda rimot ɗinsa ke da maɓalli biyu, ko ka je wurin mai gyara. Gwada a kan naka. Sau da yawa kamfani adireshi ɗaya yake amfani da shi a samfura da yawa. In ya yi aiki, kwafa a nan take ka mayar masa da abinsa.

Ta biyu, intanet. Wasu kamfanoni na fitar da takardar umarnin infared na majiginsu. Ana rubuta umarnin da dogon jerin lambobi da haruffa huɗu-huɗu, wanda ake kira Pronto, sunan wani tsohon rimot na Philips. Manhaja irin irplus na karɓar wannan jeri a wayar da ke da infared. Ka saka, ka gwada, in ya yi sai ka koya wa rimot ɗinka daga wayar kamar yadda aka bayyana a sama. Ka tabbata lambar samfurin da ke liƙe a jikin majiginka ka bi, ba sunan kamfani kawai ba.

Ta uku, ta kebul. In a bayan majigin akwai rami mai fil tara da aka rubuta RS-232, ko ramin kebul ɗin intanet, to ta nan umarnin kunnawa da na kashewa a rabe suke. A Epson ana aika PWR ON da PWR OFF daga kwamfuta. Akwai kuma tsarin PJLink da kamfanonin Japan suka yi tarayya a kai, wanda majigi da yawa ke ganewa. Amfaninsa shi ne majigin na mayar da amsa, za ka san ko yana kunne. Wannan ya fi dacewa da babban masallaci ko makaranta da ke da mai kula da kwamfuta.

Ta huɗu, in duk ba ta yiwu ba, ka yi amfani da halin majigin. Tunda sai an danna sau biyu yake mutuwa, dannawa ɗaya ba ta da haɗari: in a kashe yake zai tashi, in a kunne yake tambaya kawai za ta fito ta ɓace bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ka ga ka samu umarnin kunnawa. Amma dannawa biyu ba ta zama tabbataccen umarnin kashewa ba, domin in ya riga ya mutu, tayar da shi za ta yi. A nan dole a ɗaga kai a dubi fitilar jikinsa kafin a danna. Kuma kada ka cire wannan tambaya a cikin saiti ko da akwai wurin cirewa, ita ce katangarka.

Wata sanarwa ga masu ƙananan majigin nan na Android da suka cika kasuwa: wasunsu da bulutut rimot ɗinsu ke aiki. Rimot mai koyo infared kawai yake ji. In gwajin kyamara bai nuna haske ba alhali rimot ɗin na aiki, to ba zai kwafu ba.

Jera umarni a maɓalli ɗaya

Rimot masu ɗan tsada da akwatin Broadlink na ba ka damar jera umarni da yawa, dannawa ɗaya ta aika su bi da bi. A nan ne umarni biyun ke nuna amfaninsu. Na buɗe shago: kunna majigi, jira daƙiƙa 40 zuwa 60, zaɓi HDMI, kunna amfilifaya. Na tashi: kashe amfilifaya, OFF na majigi, jira daƙiƙa 2, OFF kuma.

Dokar ita ce, duk injin da umarninsa na "juya ƙofa" ne, kada ka sa shi a jerin. Dikoda ka bar ta daban. Haka maɓallin SOURCE mai zagayawa daga wannan rami zuwa wancan, shi ma ɗan gidan su "juya ƙofa" ne. Nemi na HDMI kai tsaye.

Abin da rimot ba zai yi maka ba

Rimot ba ya hana wuta ɗaukewa. Don haka in da hali ka ɗora majigi a kan UPS wanda ƙarfinsa ya wuce abin da aka rubuta a jikin majigin. Masu ƙwai galibi suna cin kusan wat 300. Ba don a ci gaba da kallo ba, don a samu mintunan da za a tayar da janareto ko a kashe shi yadda ya kamata.

A cikin saitin Epson da BenQ da wasunsu akwai wani zaɓi mai suna Direct Power On, wanda ke sa majigi ya tashi da kansa da zarar wuta ta zo. A ƙasar da wuta ke zaune abu ne mai daɗi. A wurinmu da take ƙyaftawa ta dawo, yana nufin a yi ta tayar da ƙwai mai zafi. In ba ka da UPS, kashe shi. Kuma ka ja wa yaran shago kunne: ba a kashe janareto ko a juya canji sai fankar majigi ta yi shiru. Wasu sababbin samfura an ƙera su a iya zare su nan take, masu lesa da LED kuma, da ke kai awa 20,000, ba su da wannan laulayi sosai. Duba littafin naka ka san wanne ne gare ka.

In rimot na aiki kusa amma ba ya yi daga nesa, dubi 'yar baƙar tagar da ke karɓar saƙo a gaba ko bayan majigin. Sau da yawa kejin ƙarfen da aka yi masa saboda ɓarayi ne ya tare ta, ko ƙurar hunturu ta rufe ta. Nisan da ya dace mita 6 zuwa 8 ne, kuma a tsaya kusan saitinsa. In kana bayan zaure, nuna wa farin allon, hasken kan dawo ya same shi. Masu majigi biyu iri ɗaya kuma su duba saiti, Epson da NEC da Panasonic na da samfuran da ake ba kowane majigi lambarsa, ta yadda ba zai amsa kiran ɗan'uwansa ba.

Daga ƙarshe, da ka gama kwafa, ɗauki rimot ɗin asali ka cire baturansa don kada su zubar da ruwa, ka kulle shi a akwati. Shi ne uwar garke, in sabon ya faɗi ya fashe daga gare shi za ka sake kwafa. Kuma ka yi wannan aiki da safe ranar da ba wasa, ka gwada kore ka gwada ja, ka ɗauke wuta da gangan bayan majigi ya huce ka ga yadda kowane inji zai yi in ta dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a nema, ya tsare mu a inda muke zaune.